Haƙƙin a Manta da Mutum: Tarihin Jayayya Tsakanin Rufin Asiri da Adana Tarihi

A ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 2014, kotun shari'a ta Tarayyar Turai da ke zaune a Luksambur ta yanke hukuncin cewa mutum yana da damar ya nemi kamfanin Google ya daina nuna wasu shafuka a duk lokacin da aka rubuta sunansa ana bincike, matuƙar dai bayanan da ke cikinsu sun tsufa, ko kuma ba su da sauran amfani ga jama'a. Faransawa sun daɗe da laƙaba wa wannan batu suna, droit à l'oubli, wato haƙƙin a manta da mutum. Wanda ya tsinci labarin a rediyo zai zaci sabuwar magana ce da kwamfuta ta haifa, alhali kuwa jayayyar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Wannan maƙala za ta bi sawunta daga tushe, domin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda ke zuba hotuna da jerin sunaye da tsofaffin takardu a shafukan intanet, wata rana za su iske wani ya yi musu sallama yana roƙon a cire sunansa.

Lokacin da sarakuna suka wajabta mantuwa

Tun zamanin dauri hukumomi sun san cewa tuna baya yana iya hana gari zaman lafiya. A shekara ta 403 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan an kifar da mulkin azzalumai talatin a birnin Atina na ƙasar Girka, mutanen birnin suka yi rantsuwa cewa ba za su ƙara tado laifuffukan da aka aikata lokacin rikicin ba, in ban da na shugabannin zaluncin. A shekarar 1598, sarkin Faransa Henri na huɗu ya buɗe dokar Nantes, wadda ta kawo ƙarshen yaƙe-yaƙen ɗariƙun Kirista, da umarnin a binne tunawa da abin da ya gudana kamar bai taɓa faruwa ba. Ingila ma ta yi irin wannan doka a shekarar 1660, bayan dawowar sarauta, tana mai ware waɗanda suka sa hannu a kisan sarki.

Duk waɗannan dokoki daga sama suka zo, kuma al'umma ce baki ɗaya aka umarta da ta manta. Talaka shi kaɗai bai buƙaci doka ba, domin zamani yana yi masa aikin. Takarda tana rubewa, shaidu suna mutuwa, wanda ya yi abin kunya yana iya barin gari ya tare wani wuri inda babu wanda ya san shi. Abin da ya sauya wannan hali shi ne bunƙasar jarida mai araha, da hoto, da sinima.

Jarida da sinima sun shiga zaure

A shekarar 1888 George Eastman ya fitar da ƴar ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ta Kodak, wadda kowa ke iya ratayawa ya ɗauki wanda ya ga dama. Shekara biyu bayan haka, a watan Disamba na 1890, lauyoyi biyu na birnin Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka buga wata maƙala a mujallar shari'a ta jami'ar Harvard, inda suka ce doka ta kamata ta kare haƙƙin mutum na a bar shi ya sarara. Daga wannan maƙala ce ake fara lissafin tarihin dokar sirri a Amurka.

A shekarar 1931 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar Kalifoniya ta gwada wannan tunani. Wata mata ce da ta taɓa zaman kanta, aka kuma gurfanar da ita bisa zargin kisan kai, kotu ta wanke ta. Daga baya ta yi aure, ta kuma faɗa a ƙararta cewa ta zauna cikin mutunci tsakanin mutanen da ba su san tarihinta ba. Sai ga shi a shekarar 1925 an fitar da fim a kan rayuwarta, da ainihin sunanta na budurci. Alƙalan suka ce labarin shari'ar na kowa ne tunda a bainar jama'a aka yi ta, amma ambaton sunan matar bayan ta gyara rayuwarta cin zarafi ne marar dalili.

Sai dai Amurka ba ta dore a kan wannan turba ba. William James Sidis, yaron da ya shiga jami'ar Harvard yana ɗan shekara 11 har jaridu suka cika da labarinsa, ya girma ya zaɓi rayuwar ɓoye, yana ƙaramin aikin akawu. A 1937 mujallar The New Yorker ta bi shi har ɗakin da yake haya ta bayyana halin da yake ciki. Ya kai ƙara, amma a 1940 kotu ta ce wanda ya taɓa zama abin kallon jama'a, jama'a suna da damar sanin inda ya ƙare. A 1975 kuma kotun ƙolin ƙasar ta ce ba za a hukunta kafar labarai ba don ta watsa gaskiyar da ta samo daga kundin kotu na fili. Tun daga nan ƴancin faɗin albarkacin baki ya rinjayi haƙƙin mantuwa a can.

Faransa da Jamus

A Faransa, maganar ta taso ne daga labarin Henri Désiré Landru, wanda aka fille wa kai a 1922 bayan an same shi da laifin kashe mata goma da wani saurayi. Da Claude Chabrol ya fitar da fim a kansa a 1963, sai matar da ke tare da Landru lokacin da aka kama shi, wadda ta riga ta tsufa, ta kai ƙara tana cewa shirun shekaru arba'in ya isa ya zama katanga. A 1965 kotu ta ƙi amincewa da wannan hujja, saboda ita da kanta ta taɓa buga labarin zamanta da shi. A cikin sharhin da masana suka yi wa wannan hukunci ne sunan droit à l'oubli ya fito. A 1983 wata kotun Paris ta yarda cewa duk wanda ya taɓa shiga wani al'amari da ya yi amo, ko da mai laifi ne da ya gama zaman kaso, yana iya neman a bar shi idan lokaci ya ja. Amma a 1990 kotun ƙoli ta taka birki a wata shari'a da ta shafi littafin tarihin mamayar Jamus, ta ce abin da aka bayyana bisa ƙa'ida a zaman kotu, marubucin tarihi yana da damar ya sake ambatonsa.

A Jamus ta Yamma, hukuncin da ya fi tasiri shi ne na Lebach. A 1969 aka kashe sojoji huɗu masu gadin rumbun makamai a wannan ƙaramin gari. Gidan talabijin na ZDF ya shirya fim da sunaye da hotunan masu laifin, daidai lokacin da ɗaya daga cikinsu, wanda ya taimaka ne kawai, yake gab da fita daga kaso. A watan Yuni na 1973 kotun kundin tsarin mulki ta hana nuna fim ɗin, ta ce a lokacin da laifi yake sabo jama'a suna da haƙƙin sani, amma idan hukunci ya kusa cika, komawar mutum cikin al'umma ita ce ke kan gaba. A nan an ɗauki wucewar lokaci a matsayin ma'auni na shari'a.

Tsoron kundin gwamnati

Akwai dalili na tarihi da ya sa Turawan nahiyar suka fi Amurkawa tsoron tara bayanai. A lokacin yaƙin duniya na biyu, ƴan Nazi sun yi amfani da kundin rajistar jama'a na ƙasar Holan, wanda ke ɗauke da addinin kowa, wajen zaƙulo Yahudawa. Har ta kai ƴan gwagwarmaya suka kai hari ofishin rajista na Amstadam a watan Maris na 1943 don su ƙone takardun. Saboda haka, da kwamfuta ta shigo ma'aikatu, aka fara kafa dokoki: jihar Hesse ta Jamus a 1970, ƙasar Suwidin a 1973.

A ranar 21 ga Maris 1974 jaridar Le Monde ta tona wani shiri na gwamnatin Faransa mai suna SAFARI, wanda zai haɗa kundin ma'aikatu daban-daban ta hanyar lamba ɗaya da aka ba kowane ɗan ƙasa. Surutu ya yi yawa, aka dakatar da shirin, aka kafa kwamiti, wanda aikinsa ya haifar da dokar 6 ga Janairu 1978 da kuma hukumar CNIL. Wannan doka ta ba mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya nemi a gyara ko a share, ta kuma hana ajiye bayani fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Majalisar Turai ta ɗauki waɗannan ƙa'idoji a yarjejeniya ta 108 a 1981, Tarayyar Turai kuma ta sa su a umarninta na 1995. An rubuta umarnin ne shekara uku kafin a kafa kamfanin Google, amma da shi aka yi wa kamfanin shari'a.

Shari'ar Sipaniya

A watannin Janairu da Maris na 1998, jaridar La Vanguardia ta birnin Basalona ta buga sanarwar gwanjon kadarar wani mutum saboda bashin da hukumar inshorar ma'aikata ke binsa. Ma'aikatar ƙwadago ce ta ba da umarnin buga sanarwar, domin a samu masu saye. An warware batun bashin, shekaru suka shuɗe. Da jaridar ta zuba tsofaffin bugunta a intanet, sai ya zamana duk wanda ya rubuta sunan mutumin a Google, sanarwar ce ke tarbarsa. A 2010 ya kai kuka ga hukumar kare bayanai ta Sipaniya. Hukumar ta wanke jaridar, tunda bisa doka ta buga, amma ta umarci Google da ya cire mahaɗar. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun Sipaniya kuma ta nemi fatawar kotun Luksambur.

Hujjar Google ita ce shi ɗan jagora ne kawai, yana nuna hanya zuwa abin da wasu suka rubuta. Babban lauyan kotun, Niilo Jääskinen, ya karkata ga wannan ra'ayi a 2013. Amma alƙalai suka ga sabanin haka. Suka ce injin bincike yana tattaro gutsattsarin labarai daga wurare barkatai ya jera su ƙarƙashin suna ɗaya, ya gina wa mutum siffar da babu wata jarida guda da ta gina masa. Don haka bayani yana iya zama gaskiya, an kuma buga shi bisa ƙa'ida, amma bayan shekara 16 bai cancanci a riƙa liƙa shi da sunan mutumin ba. Kotun ta ƙara da cewa wanda ke riƙe da wani matsayi a rayuwar jama'a ba zai samu irin wannan kariya ba.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa ba a share komai daga jaridar ba. Sanarwar tana nan a kundinta, an dai toshe hanya ɗaya ce ta isa gare ta, wato binciken suna. Shi kuwa mai ƙarar, wanda ya nemi a manta da shi, sunansa ya shiga littattafan shari'a na duniya.

Yadda ake auna buƙata

A ƙarshen watan Mayu na 2014 Google ya buɗe takardar cikewa ga masu neman cirewa, a rana ta farko kaɗai aka samu buƙata dubu 12. Daga baya adireshin shafukan da aka nemi a ɓoye ya kai miliyoyi, aka amince da kusan rabinsu. A watan Nuwamba na shekarar, hukumomin kare bayanai na ƙasashen Tarayyar suka fitar da ma'aunai 13. Daga cikinsu akwai: shin mai roƙon yana da matsayi a rayuwar jama'a? Shin yaro ne lokacin da abin ya faru? Bayanin gaskiya ne? Ya shafi aikinsa ne ko cikin gidansa? Ya taɓa lafiya, ko addini, ko aure? Tun yaushe aka buga, kuma wace cuta yake jawo masa yau?

Shari'o'in da suka biyo baya sun nuna yadda ma'aunan ke aiki. A 2018 babbar kotun Landan ta saurari wasu ƴan kasuwa biyu da aka taɓa ɗaurewa. Na farko ya yi laifin maguɗin lissafin kuɗi, bai nuna nadama ba, kuma yana ci gaba da hulɗar kuɗi da jama'a, sai kotu ta ce masu hulɗa da shi suna da haƙƙin sani. Na biyu ɗaurin wata shida aka yi masa, ya amsa laifinsa, laifin kuma bai shafi sana'arsa ta yanzu ba, sai aka ba shi gaskiya. A wannan shekara kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ƙi roƙon wasu mutane biyu da suka kashe fitaccen ɗan wasan Jamus Walter Sedlmayr a 1990, waɗanda suka so a goge sunayensu daga kundin kafofin labarai. Amma a watan Yuli na 2023 kotun ta goyi bayan alƙalan Beljiyam da suka umarci jaridar Le Soir ta maye gurbin sunan wani likita da harafin X a labarin haɗarin mota na 1994, tunda shi ba sananne ba ne, labarin kuma ba ya rasa ma'anarsa idan babu sunan.

Daga nan za a fahimci cewa amsar buƙata hawa-hawa ce. Ana iya ɓoye shafi daga binciken suna, ana iya sakaya sunan a bar labarin, ana iya ƙara bayani a ƙasa cewa kotu ta wanke mutumin, ana iya rufe takarda sai ga masu bincike da suka nemi izini. Sharewa kwata-kwata ita ce mataki na ƙarshe. Babbar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, ta tanadi haƙƙin sharewa a sashe na 17, ta ba wa wanda aka roƙa wata ɗaya ya mayar da amsa. Amma ta keɓe ƴancin watsa labarai, da lafiyar jama'a, da adana kundi, da binciken tarihi. Wannan keɓewa ba a banza ta samu ba: a 2013, lokacin da ake tsara dokar, ƙungiyar masu adana kundi ta Faransa ta tattara sa hannun jama'a tana gargaɗin cewa idan aka wajabta goge sunaye, jikoki za su rasa inda za su nemi kakanninsu.

Iyakar hukuncin ma ta jawo gardama. Hukumar CNIL ta ci Google tarar yuro dubu 100 a 2016 saboda ya ƙi ɓoye shafukan a duniya baki ɗaya. A watan Satumba na 2019 kotun Luksambur ta ce dokar Turai ba ta tilasta hakan ba sai a cikin ƙasashen Tarayyar. Dalilin a fili yake: idan kowace ƙasa za ta goge wa duniya abin da ba ta so, ƙasar da ta fi kowa danniya ce za ta yanke abin da kowa zai gani.

Inda maganar ta same mu

A nahiyar Afirka, Kap-Ver ce ta fara kafa irin wannan doka a 2001, Burkina Faso ta biyo a 2004, Senegal a 2008. A watan Fabrairu na 2010 ƙungiyar CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, ta amince da ƙarin doka kan kare bayanan mutane. Tarayyar Afirka ta zartar da yarjejeniyar Malabo a watan Yuni na 2014, wadda ba ta fara aiki ba sai a Yuni na 2023. Nijar ta yi tata dokar a ranar 3 ga Mayu 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a watan Disamba na 2022. Najeriya ta samu tata a 2023. Galibin waɗannan dokoki sun ɗauki ƙa'idojin da aka shimfiɗa tun 1978, har da damar neman gyara ko sharewa.

Sai dai akwai wurin da rigar aro ba ta rufe jiki ba. Dokar Turai mutum ɗaya take kallo, kuma ba ta shafi matattu ba. A ƙasar Hausa kuwa suna na dangi ne, abin da aka faɗa a kan kaka yana iya hana jika aure. Cibiyoyi kamar IRSH da CELHTO a Yamai suna riƙe da faifan tarihin baka da rubuce-rubucen ajami, haka nan takardun kotunan zamanin mulkin mallaka suna nan a kundin gwamnati. A cikin irin waɗannan taskoki akan samu sunan wanda aka ce asalinsa bawa ne, da wanda aka kora daga sarauta, da matar da aka kai gaban alƙali. Muddin takarda tana cikin akwati, sai mai bincike ya yi tattaki kafin ya gan ta. Ranar da aka ɗora ta a intanet, maƙwabci mai neman abin gori zai same ta cikin ƙiftawar ido. Masu tarihin fada da maroƙan da suka ba da waɗannan labarai sun san wanda ake faɗa a dandali da wanda ake faɗa a soro, na'ura kuwa ba ta san wannan bambanci ba.

Saboda haka, ƙungiya ko makarantar da ke da shafi tana da darasi huɗu da za ta ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, a yi tunani kafin a ɗora, domin magana zarar bunu ce: sakamakon jarrabawar yaro, da hotonsa, da lambar wayar mahaifinsa, sun fi sauƙin hanawa tun farko bisa janyewa daga baya. Na biyu, duk wanda ya roƙa a amsa masa a rubuce cikin lokaci, bayan an tabbatar shi ne mai sunan. Na uku, a bambanta mai mulki da talaka: shugaban da ke son a goge labarin yadda ya sarrafa dukiyar jama'a ba daidai yake da ɗalibar da aka ɗauki hotonta tana ƴar shekara goma ba. Na huɗu, kada a lalata asalin takarda ko faifai. A sakaya suna a kwafin da ke fili, a ajiye cikakken a inda mai binciken gobe zai same shi.

Rufin asiri ɗabi'a ce da Bahaushe ya daɗe yana yabo, haka kuma yana ganin girman wanda ya riƙe tarihin magabata. Alƙalan Kalifoniya da Karlsruhe da Luksambur sun kwashe kusan shekara ɗari suna neman yadda za a sauke waɗannan nauyi biyu tare, kuma har yau kowace buƙata sai an zauna an auna ta ita kaɗai. Wannan zama yanzu ya iso kan tabarmar malamai da shugabannin ƙungiyoyinmu.